Ranar da Coci Biyu Suka Girbe Dawar Mama

Babanmu ya rasu bayan maimai, wato noma na biyu, dawa ta kai ƙugu. Ciwon ƙirji ne, kwana tara ya yi a kwance ya tafi. Abin da ya bar wa Mama gona ce guda ɗaya a bakin daji, ta wajen hanyar Dogon Dawa, tafiyar kusan awa ɗaya daga ƙauyenmu. Dawar da ke cikin gonar nan ita ce tuwon Mama na shekara. In ta shiga rumbu, Mama ta zauna a ɗakinta da mutuncinta. In ba ta shiga ba, sai dai ta ɗaure ƙullin kayanta ta riƙa bin gidajen surukai, abin da ta ce gara ta ci ƙasa da ta yi shi.

Mu huɗu ta haifa. Namijin ɗaya ne, yana can kudu yana tuƙin babur, gaisuwarsa ce kawai ke isowa ta waya. Ƙannena mata biyu suna gidajen aure, kowacce da goyo. Sai ni babbarsu, mai ɗinki a Kaduna, wadda tun ina ƙarama aka san bakina ba ya da linzami. Da kaka ta yi na rufe shago na hau mota na taho.

A shekarun nan ba a zuwa gonar bakin daji yadda aka ga dama. Mutanen daji suna ratsawa a kan babura, in sun same ka su tafi da kai, in ba su same ka ba shanunsu su shiga amfanin. Saboda haka 'yan bangan gari suka tsara raka mutane gona-gona, kowane gida da ranarsa. Ranar Mama ta faɗo wata Alhamis, saura kwana goma sha ɗaya. Rana ɗaya ce tak, daga hantsi zuwa la'asar. A girbe, a yanke zangarniya, a ɗaure, a kwaso, duk a yinin. Abin da ya rage kuwa an bar wa daji. Ni da Mama ko wata guda aka ba mu ba za mu gama ba, don haka sai gayya.

To, a nan gizo ke saƙar, domin a ƙauyenmu gayya ma tana da coci.

Ƙauyen bai kai a yi masa coci biyu ba, amma yana da su. Na tudu na Katolika ne, mukan ce cocin Fada, duk da Fadan sai a yi wata uku ba a ga farar rigarsa ba tun da hanya ta zama abin da ta zama. Na gangare na Furotesta ne, cocin Fasto. Tsakaninsu rijiya ɗaya ce da bishiyar mangwaro. Kowanne ya rataye tsohon ƙarfen taya yana bugawa a madadin ƙararrawa, kuma ran Lahadi kowa so yake ya riga ɗan'uwansa, har aka kai lokacin da ake kiranmu sujada kaji ba su sauko ba.

'Yan gangare ba sa kiran kansu da wani suna sai "masu bi", wato dai sauran jama'a kowa ya ɓace. Mutanen tudu a bakinsu 'yan Roman ne, masu durƙusa wa mutum-mutumi, masu jan carbi, masu kai zunubinsu kunnen ɗan'adam, uwa uba masu shan burkutu. 'Yan tudu su ma ba baki suka rasa ba. Sukan ce cocin gangare ɗan jiya ne, wani Bature ne ya yi fushi ya fita da Littafi a hammata, tun daga nan duk wanda aka ɓata wa rai sai ya sayi kwanon rufi ya kafa nasa. A rijiya ana gaisawa, a wajen biki ana cin tuwo tare, amma ka tambayi kowanne ɓangare Kirista nawa ne a garin, rabin gari zai ƙirga maka.

Babanmu ɗan tudu ne. Mama 'yar gangare ce. Da ta aure shi aka sa ta ƙarƙashin horo, wata shida tana zaman bencin baya ba ta buɗe baki a waƙa. Bayan nan aka maido ta, ta shekara talatin da wani abu tana buga tulu a zumuntar mata, amma har kanta ya yi furfura sunanta matar ɗan Roman. Shi ma bai bar tudu ba, ita ma ba ta hau ba. Ran Lahadi su fito tare, a gindin mangwaro shi ya yi sama ita ta yi ƙasa. Ni kaina sau biyu aka yi mini baftisma. Ina jaririya dangin uba suka faki ido suka kai ni aka ɗiga mini ruwa a goshi, da na kai sha biyar dangin uwa suka ce wannan wanke fuska ne, suka kai ni rafi aka dulmuya ni har na sha ruwa. In dai ruwa ne ke kai mutum sama, a gidanmu ni ce ta gaba.

Kowane coci yana da gayyar gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. Samari da magidanta su fito su yi wa gwauruwa aikin gonarta kyauta, ita dai ta ba da abin jiƙa maƙogwaro. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai a duka biyun muna da namu. Dattijon ikilisiyar gangare yayan Mama ne, ciki ɗaya, Kawuna. Katakis na tudu, mai ja musu addu'a in Fada ba ya nan, ƙanen Babanmu ne, Baffana. Mama ta ce in bar maganar. Na ce ta bar ni da su.

Gangare na fara zuwa. Na sami Kawu a ƙofar gida a kan kujerarsa ta katako, tabarau ɗaure da zare, Littafi a cikin leda a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana goge tabarau.

Ya ce, "Ɗiyata, uwarki ƙanwata ce, ba wanda zai faɗa mini zafinta. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Gayyar nan ta gwauruwar da mijinta ya yi barci cikin Ubangiji ce."

Na ce, "To Kawu, cikin wa Babanmu ya yi nasa barcin?"

"Ba ni ne mai shari'a ba," in ji shi. Duk sanda Kawu ya ce ba shi ne mai shari'a ba, to ya riga ya yanke hukunci har ya rufe kotu. Ya ci gaba, "Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Amma kirki daban, ceto daban. Na yi masa wa'azi ya fi a ƙirga, sai ya yi dariya ya miƙo mini gyaɗa. Sannan gonar nan shi ya shuka ta. Wa ya san mudu nawa na dawarta ya shiga tukunyar burkutu a shekarun nan?"

Na ce ai dawar bana ba ta san cocin kowa ba, a tsaye take tana jiran magirbi. Ya ce in iya bakina. Na ce bakina na gado ne, ta wajen uwa na samo shi. Haka muka rabu, ban ko yi sallama ba.

Na haura tudu ina huci. Baffa mutum ne gajere mai fara'a, kullum carbi a wuya, in yana magana sai ka ce labarin daɗi zai ba ka. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi ta tuna yayansa har idonsa ya kawo ƙwalla. Na ce a raina yau an dace. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani babban littafi mai baƙin bango, ya buɗe, ya bi da yatsa.

Ya ce, "Kin gani, ga sunan yayana nan, ga ranar baftismarsa. Shi kam namu ne, ba shakka, yana can yana hutawa. Matsalar uwarki ce. Ba ta cikin littafi."

Na ce, "Ai ba littafi za a girbe ba, Baffa."

"Ki saurara. Gwauruwa ita ce wadda aka ɗaura wa aure, mijin ya mutu ya bar ta. Su kuwa ba su taɓa tsayawa gaban Fada ba. An kai kaya, an yi shagali, na yi rawa har na gurɗe ƙafa, ban musa ba. Amma a wurin Ikilisiya, auren bai ɗauru ba."

Na ajiye kofin ruwan. Na ce, "Shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya huɗu, aure bai ɗauru ba? To mu daga kan mangwaro muka faɗo?"

Ya ce ba haka yake nufi ba, kuma in da Mama za ta yarda ta fara zuwa koyon katakizim, wato karatun shiga Katolika, ko na wata shida ne, sai a duba. Wata shida, dawa kuwa saura kwana goma sha ɗaya.

Wallahi ban shirya abin da na faɗa ba. Ba dabara ba ce, kada wani ya yaba mini. Zuciya ce ta ɗebe ni, na miƙe ina karkaɗe zani na ce, "Ba komai, Baffa. Dama don girmamawa na zo. 'Yan gangare sun riga sun ce za su yi. Kawu ya ce gara gari ya gani da idonsa su wane ne Kirista na gaske."

Fara'ar Baffa ta ɗauke. Ya rufe littafin a hankali.

"A gonar yayana?"

"A cikinta."

"Dattijo ne ya faɗi haka da bakinsa?"

Na ce da bakinsa, har da tabarau. Baffa ya ce ran Alhamis 'yan tudu za su fito ƙwansu da kwarkwata, in gaya wa uwata kada ta damu da abin sha, matarsa za ta ware tukunyar burkutu biyu.

Ina saukowa na tuna rijiya ɗaya ake ɗiba, kafin gobe ƙaryata za ta tonu. Da na iso gindin mangwaro ban shiga gida ba, na zarce gangare. Na sami Kawu inda na bar shi. Na ce na zo ba da haƙuri, kuma ya kwantar da hankalinsa, an sami masu yi, 'yan Roman za su fito gaba ɗayansu. Wannan karon ko ƙarya ban yi ba.

Kawu ya cire tabarau. Ya ce, "Na sani. Haka suke yi. Yau su girbe mata dawa, gobe su yayyafa mata ruwa, jibi mu ga ƙanwata da carbi." Sannan ya ce ƙa'ida dai mutum ne ya kafa ta, kuma akwai tunkiyar da in ba a bi ta ba kura za ta ɗauka. Ran Alhamis masu bi za su fito, a dama kunu.

Na dawo gida na ce wa Mama za a zo. Ta ce su wa? Na ce mutane. Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina satar ƙuli-ƙuli, ba ta ƙara tambaya ba, ta je ta jiƙa gero.

Ran Alhamis da sassafe aka taru a gindin mangwaro. 'Yan tudu suka gangaro, 'yan gangare suka hauro, kowa da magirbi a kafaɗa, mata da wuƙaƙe da igiyar rama. Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun fito aiki da yawa haka ba, har da wani tsoho da aka ce ya shekara biyu bai taka gona ba saboda gwiwa. Aka tsaya ana kallon kallo. Kawu ya ce, "Katakis, an tashi lafiya?" Baffa ya ce, "Lafiya lau, Dattijo, ashe kuna fitowa aiki." Mama ta juyo ta dube ni, ni kuwa na duƙa ina gyara takalmi.

Shugaban 'yan bangan wani tsohon maharbi ne Musulmi, maƙwabcinmu, abokin Babanmu na ƙuruciya. Ba ya da yawan magana. Ya ce doka uku ce: ba kiɗa, ba waƙa, ba ɗaga murya, kuma in ya ce a tashi a tashi. Na ce a raina ai huɗu ke nan, amma ranar na riga na yi magana ta ishe ni. Muka kama hanya layi biyu, ba mai taka sawun wani.

Dawar ta yi kyau, har na ji haushin Babanmu da bai tsaya ya gani ba. Zangarniya ta sunkuya saboda nauyi. Daga ƙarshen gonar kuwa daji ne ya fara, baƙi ƙirin, shiru, ko tsuntsu ba ka ji.

Sai batun addu'ar buɗewa. Kawu ya matso gaba ya ce, "Bari mu rufe idanunmu." Baffa ya ce, "A bakin dajin nan? Mu dai namu a buɗe muke yi, mu yi alamar gicciye mu kama aiki." Kawu ya ce addu'ar da ido ke yawo ba ta wuce rufin ɗaki. Baffa ya ce nan ba ɗaki. Kawu ya jawo aya, Baffa ya jawo tarihi. Duk wannan da raɗa ake yi saboda dokar maharbi, ga jijiyar wuya ta tashi, ga yatsa yana nuna sama, amma murya kamar ta masu zance a bayan ɗaki. Rana kuwa tana ta hawa. Ina kallon inuwar kara tana gajarta, ga shi kowane minti dami ne.

Maharbi ne ya raba su. Ya ce, "In ta rufe ido ce, ku rufe gaba ɗayanku. Mu aka ɗauko don buɗewa."

Aka yi addu'a biyu. Baffa ya yi tasu gajera, suka gaida Maryamu, 'yan gangare suna kallon ƙasa kamar an yi abin kunya a gaban suruki. Kawu ya karɓa, ya faro daga halittar duniya. Da ya iso kan gonar ya ce, "Wanda ya shuka wannan dawa kuwa, ya Ubangiji, kai kaɗai ka san inda ka ajiye shi." Na buɗe ido ɗaya. Mama ba ta motsa ba, sai bakin zaninta da ta damƙe. Na so in yi magana, Allah ya sani na so, amma dawar tana tsaye, sai na haɗiye na ce amin da ƙarfi tun bai kai ƙarshe ba, jama'a suka amsa, dole ya tsaya.

Saura rabon gona. Hankali ya ce a raba biyu, wasu su ɗauki gefen gari, wasu gefen daji. Ba wanda ke son gefen daji, yaro da babba kowa ya san haka. Sai wani ɗan tudu ya yi gyaran murya ya ce ai sai a bar wa 'yan gangare gefen gari, tun da ba su saba da wahala ba. Kawu ya ce mai bi na gaskiya ba ya tsoron mai kashe jiki, gefen daji nasu ne. Baffa ya ce tun kafin a san da cocin gangare ake jefa 'yan Katolika wa zakoki, ba wanda zai nuna musu mutuwa, gefen daji nasu ne. Na ga samarin ɓangarorin biyu suna kallon shugabanninsu kamar su shaƙe su. Amma magana ta riga ta fita. A ƙarshe aka raba gonar a tsaye, kunya-kunya, kowa ya sami rabonsa na bakin daji, aka jeru gaba ɗaya a can ƙarshe, baya ga daji, fuska ga gari.

Jama'a, ban taɓa ganin girbi irin wannan ba. Mutumin da daji ke bayansa ba ya tsayawa sosa ƙeya. Ga tsoro a baya, ga abokin gaba a gefe, ba mai yarda a wuce shi da taki ɗaya. Kara yana zubewa kamar ana shimfiɗa tabarma. Tsohon nan mai ciwon gwiwa har da tsallake kunya. Mu mata muna biye muna yanke zangarniya muna tarawa, wasu suna ɗaurewa, gumi yana shiga ido ba mai sharewa.

Gayya ba kiɗa ba waƙa, sai muhawara ta maye gurbinsu, ita ma da raɗa. Kawu da Baffa kunya ɗaya ce ta raba su. Ina bayansu ina jin komai. Kawu ya sare kara ya ce, "A ina aka rubuta a durƙusa wa Maryamu?" Baffa ya sare nasa ya ce, "A ina aka rubuta a sha zoɓo maimakon ruwan inabi a Jibin Ubangiji?" Kawu ya ce jariri ya san abin da ake nufi da tuba? Baffa ya ce ai shi ma Dattijo da furfurarsa bai gama sani ba. Kawu ya ce Fada mutum ne kamar kowa. Baffa ya ce Fasto kuwa mutum ne da mata da 'ya'ya bakwai da buhun masarar ikilisiya. Ko sau ɗaya magirbinsu bai tsaya ba. In ɗaya ya ga ɗayan ya yi gaba, sai ya bar ayar a rabi ya ƙara wuta.

Wajen tsakiyar gona wata tsohuwa 'yar tudu ta yanke yatsa. Wata 'yar zumuntar gangare ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mata, tana ɗaurewa tana ce mata da ta karɓi Yesu da gaske da hannunta bai zame ba. Tsohuwar ta ce ta gode, kuma za ta sa ta a addu'a ko Allah ya dawo da ita gida. Suka koma aiki kafaɗa da kafaɗa.

Maharbi bai ko ɗauki butarsa don azahar ba aka sare karan ƙarshe. Ya dubi rana, ya dubi gonar, ya ce shekararsa nawa yana raka mutane bai taɓa ganin haka ba, in za su riƙa faɗan nan kullum da garin ya yi arziki. Aka ɗora dammuna, maza a ka, matanmu a kafaɗa yadda muka gada. Sawu biyu aka yi. A sawu na biyu layin ya cakuɗe, don mai kaya ba ya zaɓen wanda zai bi.

A gida an ajiye kunu a tsakar gida, tukwanen matar Baffa kuwa a bayan rumbu, wai don kada a sa wani tuntuɓe. Na lura samarin gangare da dama sun sami sha'awar duba awakin Mama da ke ɗaure a can baya, suna dawowa suna goge baki. Kawu ya gani, ya cire tabarau ya sa a aljihu. Shi da Baffa suka zauna a kan turmi biyu suna gardamar wa ya fi yawan kunya. Kawu ya ce masu bi ne suka fara kaiwa bakin hanya. Baffa ya ce sun kai ne don sun bar kara a tsaye, 'yan tudu suka bi suna gyarawa. Da za su tafi Kawu ya ja Mama gefe ya ce kada ta bari wannan ya ruɗe ta. Baffa ma ya ja ta ya ce ƙofar katakizim a buɗe take. Ta yi wa kowanne godiya har ƙasa, ta raka su bakin zaure.

La'asar ta yi, gida ya watse. Rumbu ya cika har wuya, dami shida ma sai a ɗakin Babanmu aka jingine su. Ina ta murna, ina ta surutu, ina kwaikwayon muryar Kawu da tafiyar Baffa. Da na ga Mama ba ta dariya sai na ɗauka ƙaryar da na yi ce ta isa kunnenta. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai, na ce ta yafe mini, zuciya ce.

Kamar ba ta ji ba. Tana zaune a kan kujerar tsugunno tana kallon rumbun. Can ta ce, "Da wane lokaci aka gama?"

Na ce, "Kafin azahar, Mama."

Ta jinjina kai. Ta ce, "Ke ba ki sani ba, tun kina shekara takwas aka kai ki makaranta Kaduna, sai Kirsimeti kike zuwa ki tarar da rumbu a cike. Ubanki sati uku yake yi a gonar nan. Shi da ni. Duk shekara sai ya hau tudu ya nemi gayya, su ce sai matarsa ta shigo. Ya sauka gangare, su ce sai ya tuba. Ya dawo ya ce mini ba komai, ai muna da hannu. In ya shigo da yamma ba ya iya miƙewa, sai na dafa ruwa na gasa masa baya."

Na ji da ma ban yi wa kowa godiya ba.

Mama ta share ido da bakin zani. Ta ce, "Shekara talatin da huɗu. Ashe aikin rabin yini ne."

Sannan ta tashi ta shiga tattara kwanonin kunu, na bi ta da tsintsiya.